Arzikin da ke kwance cikin laka

Masu iya magana sun ce raina kama ka ga gayya. Da wuya a sami abin da karin maganar nan ta fi dacewa da shi kamar baƙar lakar nan mai wari da ke kwance a ƙarƙashin teku da gindin tafkunan kiwon kifi. Masunci na ƙyamarta, mai kiwo kuwa har biyan ƴan ƙwadago yake yi su kwashe ta su zubar. Amma ga shi yau cibiyoyin bincike da kamfanonin Jamus, Faransa, Amurka da Japan suna kashe maƙudan kuɗi wajen ɗebo ta cokali-cokali. Abin da suke nema a ciki ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteri, da kuma sinadaran da ƙwayoyin ke fitarwa, wato anzim. Garin sabulun da ɗan kasuwa ke sayarwa a kantinsa, da fatar da ake jemewa, da gwajin jinin da ake yi a asibiti, da kifin da ke cikin miya, duk suna da alaƙa da wannan sha'ani.

Mene ne anzim?

Duk wanda ya taɓa tauna burodi ko dafaffiyar shinkafa ya daɗe bai haɗiye ba, ya ji ta soma zaƙi a bakinsa. Wani anzim ne da ke cikin yawu, mai suna amilaz, yake daddatsa garin ya mai da shi sukari. Uwargidan da ke naɗe tsohon nama cikin ganyen gwanda don ya yi laushi, ita ma da anzim take aiki. Haka nan mai yin daddawa: idan ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, wata ƙwaya mai suna Bacillus subtilis ce ke yaɗuwa a ciki, tana fitar da anzim da ke narka ƙwayar kalwa har ta ba da ƙamshi da ɗanɗanon da aka sani.

Anzim, a taƙaice, kayan aiki ne da kowace halitta ke ƙerawa don ta hanzarta wani aiki da zai ɗauki shekaru in an bar shi shi kaɗai. Kowanne da aikinsa, kamar yadda kowane kwaɗo ke da makullinsa. Furoteyaz na yanka furotin, wato sinadarin nama da ƙwai da wake. Lipaz na narka kitse. Selulaz na cin zaren haki da itace. Kitinaz na fasa ɓawon ƙaguwa da jatan lande. Abin mamakin shi ne anzim ba ya ƙarewa da aiki guda: yana gama wannan yanka sai ya koma ga na gaba, sau dubbai.

Bakteri ba ta da baki, ba ta da haƙori. Idan abinci ya fi ƙarfinta sai ta feso anzim waje, ya narkar da abincin, sa'an nan ta tsotse. Wannan ɗabi'a ce ta sa ta zama abin so ga masana'antu, domin ba sai an fasa ta ba: a zuba ta cikin babbar tukunyar ƙarfe, a ciyar da ita, a tace ruwan, a sami anzim.

Faransawa biyu ne, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka fara ware anzim daga tsiron sha'ir a Paris cikin 1833, suka sa masa suna diyastaz. A 1897 Bajamushe Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yisti na iya tsimar da sukari ko da babu ƙwaya mai rai a ciki, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1907.

Daga majema zuwa garin sabulu

Sana'ar jima ce ta fara kai anzim kasuwa. Majeman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin amfanin fataka wajen cire gashi, da kashin tantabara wajen tausasa fata kafin a sa ta cikin bagaruwa. Majeman Turai kuwa har da kashin kare suke aiki. Ƙwayoyin da ke cikin kashin ne ke fitar da furoteyaz, shi kuma ya tausasa fatar. A 1907 wani Bajamushe, Otto Röhm, ya kafa kamfani don sayar da wani gari mai suna Oropon, wanda ya samo daga wata gaɓa ta cikin dabbobin yanka, kuma garin ya maye gurbin kashin kare a majemun Turai. A 1913 ya yi rajistar dabarar sa anzim cikin sabulun wanki.

Babban sauyi ya zo a 1963, lokacin da kamfanin Novo na Danmak ya fito da Alcalase, furoteyaz da ake samu daga Bacillus licheniformis. Tun daga nan yawancin garin sabulun da manyan masana'antu ke yi yana ɗauke da anzim mai cin dauɗar jini, gumi da maiƙo. Magajin wannan reshe na Novo, wato Novozymes, ya haɗe da Chr. Hansen a 2024 suka zama Novonesis, wanda ke cikin manyan masu riƙe da kasuwar anzim a duniya.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi na farko daga ƙasar noma aka samo su. To amma masana'anta na da buƙatu masu wuya: anzim da zai jure tafasa, ko ya yi aiki cikin ruwan sanyi, ko cikin gishiri, ko cikin kanwa. Wanda ya saba da inuwar gona ba zai jure haka ba. Wannan ne ya sa masana suka juya ga teku.

Rayuwa a inda ba a zaton rai

Duk abin da ya mutu a teku, ƙarshensa ƙasa: gawar kifi, ɓawon ƙaguwa, gansakuka, da abin da koguna suka kwaso. Ba don ƙwayoyin da ke cikin laka ba, da tuni gindin teku ya cika da ɓawo. Wani masani Ba'amurke, Claude ZoBell, na cibiyar Scripps ta Kalifoniya, ya nuna tun 1938 cewa akwai bakteri masu narka wannan ɓawo cikin ruwa da lakar teku. A 2012 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Jens Kallmeyer ta ƙiyasta yawan ƙwayoyin da ke cikin lakar tekunan duniya: lamba 3 da sifili 29 a bayanta.

Wuraren da suke zaune sun wuce hankali. A 1996 wata na'urar Japan mai suna Kaiko ta nutsa ramin Mariyana, mafi zurfi a duniya, kusan mita 11.000, ta ɗebo laka. A can nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau dubu, babu haske ko kaɗan, duk da haka aka sami bakteri masu rai, har da waɗanda ba sa yaɗuwa sai an danne su da irin wannan nauyi. A 2020 wasu masana na Japan ƙarƙashin Yuki Morono sun ba da labarin farfaɗo da ƙwayoyi daga lakar kudancin tekun Pasifik da ta shekara miliyan 101 a kwance.

Wasu kuwa zafi suke so. A 1986 Jamusawa biyu, Gerhard Fiala da Karl Stetter, sun bayyana wata ƙwaya da suka samo cikin laka mai zafi a gaɓar tsibirin Bulkano na Italiya. Sun sa mata suna Pyrococcus furiosus. Ta fi jin daɗi a digiri 100, wato zafin tafasar ruwa. Ita ba bakteri ba ce kai tsaye, dangi ne na nesa da ake kira arke, amma anzim ɗinta ya shiga ɗakunan bincike na duniya tun farkon shekarun 1990, inda ake kwafe ƙwayar gado da shi ba tare da yawan kuskure ba. Irin wannan kwafi, wanda ake kira PCR, shi ne tushen gwajin korona da aka yi ta yi a filayen jirgin sama daga 2020.

A ɗaya gefen akwai masu son sanyi. Kusa da tashar Faransa ta Dumont d'Urville, a yankin ƙanƙara na kudancin duniya, an samo Pseudoalteromonas haloplanktis, wadda masanan jami'ar Liyej ta Beljiyam suka daɗe suna nazarin amilaz ɗinta. Anzim mai aiki cikin sanyi na rage kuɗin wuta, tun da ba sai an ɗumama ruwa ba, kuma in an gama da shi ɗan zafi kaɗan ya isa ya tsai da shi.

Yadda ake tantance su

Hanyar farko ba ta da tsada. Masani kan ɗebi laka kamar cikin cokalin shayi, ya dama da ruwan gishiri mai tsabta, ya tsarma sau da yawa, ya shafa a kan faranti mai ɗauke da wani daskararren abinci. Idan furoteyaz yake nema, sai ya gauraya abincin da madara. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyin sun yaɗu sun zama ɗigo-ɗigo. Duk ɗigon da aka ga madarar da ke kewaye da shi ta washe, to ga mai yanka furotin nan. Idan amilaz ake nema, sai a sa sitaci, daga baya a zuba iyod: faranti ya yi shuɗi, ban da inda aka cinye sitacin. Faɗin zoben shi ke nuna ƙarfin ƙwayar.

Sai dai mafi yawan ƙwayoyin laka ba sa yarda su tsiro a faranti. Don haka yanzu ake ɗebo ƙwayar gadon duk abin da ke cikin lakar gaba ɗaya, a karanta ta da na'ura, kwamfuta ta zaɓo sassan da suka yi kama da umarnin ƙera anzim. Sai a dasa umarnin cikin wata bakteri mai sauƙin kiwo, ita ta riƙa ƙerawa. Ma'anar wannan ga kasuwanci babba ce: kamfani ba ya buƙatar komawa inda ya ɗebo lakar. Sau ɗaya ya isa.

Ruwa ba ya tsami banza

A 2022, bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun kai tan miliyan 94,4, wato kashi 51 cikin ɗari na abin da duniya ta samu. Karo na farko ke nan da kiwo ya wuce su. Sin ce kan gaba. A Afirka Masar ce ta ɗaya, Najeriya kuma ta yi fice wajen kiwon tarwaɗa.

Kifin kiwo ba ya riƙe duk abin da aka ba shi. Daga cikin azot ɗin da ke cikin abincinsa, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai ke zama nama. Sauran na fita cikin ruwa, ko ya kwanta a ƙasa tare da kashi da ragowar abincin da ba a ci ba. A nan ƙwayoyin laka ke karɓar aiki, kamar ma'aikata masu miƙa wa juna kaya. Rukuni na farko, irin su Bacillus, na narka furotin da kitse da sitaci. Daga wannan narkewa amoniyak ke fitowa, wanda guba ne ga kifi. Rukuni na biyu, irin su Nitrosomonas, na mai da amoniyak nitirit, shi ma guba ne. Na uku, irin su Nitrobacter da Nitrospira, na mai da nitirit nitirat, wanda ba shi da lahani sosai, taki ne ma ga tsiro.

Duk wannan aiki da iskar oksijan ake yin sa. Idan mai kiwo ya cika zuba abinci, ko ya cunkusa kifi fiye da ƙima, sharar na fin ƙarfin ma'aikatan, iskar ta ƙare a ƙasa. Daga nan wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar oksijan su karɓe wurin, su riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Laka ta yi baƙi. Da asuba, lokacin da oksijan ya fi ƙaranci cikin ruwa, sai a ga kifi sun taso sama suna haki, wani lokaci a wayi gari tafki duka ya mutu. Jarin wata shida na iya tafiya cikin dare guda.

A Norwe, inda ake kiwon kifin somon cikin manyan ragogi a bakin teku, fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, doka ta tilasta wa kowace gona a riƙa ɗebo lakar da ke ƙarƙashinta ana aunawa. Ana duba launi da wari, da irin tsutsotsin da suka rage, da ko farar shimfiɗar nan ta bakteri Beggiatoa ta bayyana, wadda alama ce ta lalacewa. Gonar da ta faɗi gwaji ana iya rage mata kifi ko a sa ta jinkirta zuba sababbi. Bayan kowane girbi kuma dole a bar wurin ya huta aƙalla wata biyu, kamar yadda manomi ke barin saura.

Wasu masanan sun nemi mai da sharar ta zama riba. Yoram Avnimelech na Isra'ila ya bayyana a 1999 cewa idan aka ƙara sukari ko gari cikin ruwan tafki gwargwadon azot ɗin da ke ciki, aka kuma hura iska ba tsayawa, bakteri za su cinye amoniyak, su dunƙule su zama ƴan curi-curi da karfasa da jatan lande ke ci. Ana kiran dabarar biyofulok. Tana rage canjin ruwa da kuɗin abinci, amma sharaɗinta wutar lantarki dare da rana: in injin iska ya tsaya na ƴan sa'o'i, hasara ta tabbata.

Daga lakar tafkunan kiwo ne kuma masana a Indiya, Sin, Tailan da Masar ke zaɓo ƙwayoyi masu ƙarfin narkarwa, a busar da su, a sayar cikin leda don zubawa a ruwa ko gauraya wa abincin kifi. Wasu na aiki, wasu kuwa sunan ne kawai. Ɗan kasuwar da zai shigo da irin wannan kaya ya kamata ya duba ko an rubuta sunan ƙwayar, da yawanta cikin kowane giram, da ranar lalacewa, kuma kada ya ajiye su a rana. Babu garin da zai gyara tafkin da ake cika wa abinci. Tsohuwar hanya na nan da amfaninta: bayan girbi a tsiyaye ruwa, a bar gindi ya bushe har ya tsage, a barbaɗa farar ƙasa, a kai lakar da aka kwashe garka ta zama taki.

Haɗarin da ke ciki

Lakar da ke ɓoye mai gyara ita ke ɓoye mai ɓarna. A 2009 wata cuta ta ɓulla a gonakin jatan lande na Sin, ta bazu zuwa Biyetnam, Malesiya da Tailan, tana kashe ƙananan cikin wata guda da zuba su. Sai a 2013 ƙungiyar Donald Lightner ta jami'ar Arizona ta gano cewa wani nau'in Vibrio parahaemolyticus ne, ƙwayar da ke yaɗuwa a gindin tafki mai datti. Tailan, wadda a lokacin take kan gaba wajen fitar da jatan lande, ta yi hasarar kusan rabin abin da take samarwa.

Babban haɗarin ya shafi asibiti. Idan aka zuba antibiyotik cikin abincin kifi, kaso mai yawa na gangarawa cikin laka. Ƙwayoyin da ba su da kariya su mutu, masu kariya su gaji wurin. Kariyar kuwa sau da yawa anzim ce, mai datse maganin kafin ya yi aiki, kuma bakteri na iya miƙa wa juna umarnin ƙera ta ko da ba dangi ɗaya suke ba. An ga misali: OXA-48, anzim mai karya magungunan da likitoci ke ajiyewa don ciwon da ya gagara, an fara ganin sa jikin wani majinyaci a Istambul cikin 2001. Masanan Faransa Laurent Poirel da Patrice Nordmann sun bi sawunsa har zuwa dangin Shewanella, bakteri masu zama cikin ruwa da laka. Yau ya bazu a asibitocin Turai, Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Norwe ta nuna cewa rigakafi ya fi magani. A 1987 gonakinta sun yi amfani da kusan tan 50 na antibiyotik. Da aka soma yi wa ƙananan kifi allurar rigakafi, adadin ya faɗi da kimanin kashi 99 cikin ɗari, alhali kiwon ya ninka sau da yawa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Saura tambayar da ta fi shafar ƙasashe matalauta: arzikin na wane ne? A 2018 wani bincike ƙarƙashin Robert Blasiak na Istokholm ya duba sassan ƙwayar gado kusan 13.000 na halittun teku da aka yi wa rajistar mallaka. Kamfani guda, BASF na Jamus, shi ke da kashi 47 cikin ɗari. Ƙasashe goma ne suka haɗa kashi 98.

Afirka ta riga ta ɗanɗana. A 1992 wasu masu bincike sun ɗebi samfur daga tafkunan kanwa na Kenya, irin su Bogoriya. Daga ƙwayoyin da aka samu, kamfanin Genencor na Amurka ya fitar da anzim da ake kodar da wandon jins da shi, da wanda ake sa wa sabulu. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fito fili tana neman haƙƙin ƙasar. Irin wannan ƙorafi ne ya haifar da yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014. Ta ce ba a ɗibar halittun wata ƙasa sai da izininta, kuma sai an yi yarjejeniyar raba amfani. Ga tekun da ba na kowa ba kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya a 2023. A Satumban 2025 ƙasashe 60 suka cika tabbatar da ita, abin da ya sa ranar fara aikinta ta kama 17 ga Janairun 2026. Ta tanadi rabon amfani ga ƙasashe masu tasowa, har da waɗanda ba su da gaɓar teku.

Nijar ba ta da teku, amma tana cikin yarjejeniyar Nagoya tun 2014, kuma tana da irin ruwan da masu farautar anzim ke nema: tafkunan kanwa na Manga, gishirin Bilma da Tigidda, ruwan zafi na Tafadek a Abzin, ga lakar Madarunfa, Tabalak da Gidimuni. Majeman da ke jeme fatar jar akuyar Maraɗi na da buƙatar furoteyaz mai jure kanwa da zafi, masu kiwon tarwaɗa da karfasa na da buƙatar ƙwayoyin da suka saba da ruwan wurin. Gwajin farko, kamar yadda aka gani, faranti ne da madara da iyod, abin da bai fi ƙarfin jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram ba. Ma'aikacin gandun daji ko na duwan da ya ga baƙo ɗauke da kwalaben laka zai ƙetare iyaka, yana da hujjar doka ta tambayarsa takardar izini, domin abin da ke cikin kwalba guda na iya ciyar da masana'anta shekara talatin.